NIN, BVN da Layin Waya: Me Zai Faru Idan Rumbun Bayananmu Ya Yoye?

Da wuya a samu magidanci a Sakkwato da bai taɓa dangwala yatsa a gaban na'ura ba, ko a banki ko a wurin yin katin ɗan ƙasa. An ce a kawo, mun kai. Abin da ba a cika yi mana bayani ba shi ne inda bayanan suke kwana da kuma waɗanda ke riƙe da makullin.

Wai me gwamnati da bankuna suka ajiye game da ni?

Hukumar katin ɗan ƙasa, NIMC, wadda aka kafa da dokar 2007, tana riƙe da sunanka, ranar haihuwa, adireshi, hoto da zanen yatsunka goma, duk a ƙarƙashin lamba 11 da ake kira NIN. Ita kuwa BVN, lambar tantance masu asusun banki, Babban Bankin Najeriya ne ya ɓullo da ita a Fabrairun 2014, kamfanin NIBSS ke kula da rumbunta, kuma ita ce ke ɗaure duk asusun da kake da shi a kowane banki. A Disambar 2020 aka ba da umarnin haɗa layin waya da NIN. A Disambar 2023 kuma Babban Banki ya ce ko ƙaramin asusu ne sai an liƙa masa BVN ko NIN. Yaron da zai rubuta JAMB don shiga Jami'ar Danfodiyo, da maniyyacin da ke neman fasfo, da ɗan kasuwar albasa mai karɓar kuɗi ta waya, duk ta ƙofa ɗaya suke bi.

Ai tara su wuri guda ya fi tsari. Ina aibin?

Amfanin yana nan, ba a musu. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta ce ta cire sunayen ma'aikatan bogi kusan dubu 24 daga jerin masu albashi ta hanyar BVN. Amma a ce duk ƙauye sun zuba hatsinsu a rumbu ɗaya. Awo zai yi sauƙi, gadi ma haka, sai dai ranar da gobara ta tashi ko mai gadi ya ci amana, babu gidan da zai tsira. Kuma kowane ɓarawo ya san inda zai dosa.

Ƙasashen da suka fi mu kuɗi da kayan aiki ma abin bai bar su ba. A 2017 masu kutse suka shiga kamfanin Equifax na Amurka suka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147. Kafin nan, a 2015, an gano an fasa ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka, aka sace bayanan mutum miliyan 21.5, ciki har da zanen yatsun mutum miliyan 5.6. Wannan na yatsu shi ne mafi muni. Katin ATM in ya ɓace a toshe shi a ba ka wani, lambar sirri a canza ta cikin minti biyu. Yatsa fa? Da ranar haihuwa? Abin da ya fita ya fita ke nan har ƙarshen rayuwa.

An taɓa samun irin wannan a Najeriya?

A Maris na 2024 kafar binciken ƙwaƙwaf ta FIJ ta ba da rahoton wani shafin intanet da ke sayar da bayanan NIN ga duk mai biya. A Yunin shekarar ƙungiyar Paradigm Initiative ta bankaɗo wani shafin da ke bayar da bayanan mutum a kan naira 100. NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba.

Ko da maganar hukumar gaskiya ce, ba ta kwantar da hankali, domin ba sai an fasa ba. Bankuna, kamfanonin waya, manhajojin kuɗi da wakilan tantancewa duk an ba su hanyar leƙawa, wasunsu kuma suna da nasu ƙananan wakilan. Mutum ɗaya ya sayar da izininsa, shi ke nan. Haka ta faru a Indiya: a Janairun 2018 jaridar Tribune ta ruwaito cewa da rupi 500 wakiliyarta ta sayi hanyar duba bayanan tsarin Aadhaar, wato NIN ɗinsu, mai ɗauke da mutum fiye da biliyan ɗaya. Da ɗan gari akan ci gari.

Wanda ya samu BVN ɗina zai iya kwashe mini kuɗi?

Da lambar kaɗai, a'a. Amma ita ce ke share masa hanya. Zai kira ka da murya a natse: "Ranka ya daɗe, daga banki ne." Ya faɗi cikakken sunanka, ranar haihuwarka, har unguwarku, Mabera ce ko Arkilla. Ya ce za a rufe asusunka yau in ba a sabunta ba, akwai wasu lambobi da za su shigo wayarka yanzu, ka karanto masa. Dattijon da ya ji baƙo ya san wannan duka, me zai hana shi yarda? Waɗannan lambobin su ne OTP, kuma su kaɗai suka rage masa.

Hanya ta biyu ita ce layi. Da bayananka, da haɗin bakin wani marar amana, sai a yi wa layinka walkam bak. Kai kana ganin sabis ne ya ɗauke, alhali saƙonnin bankinka wata waya suke shiga. Wanda ya fizge maka waya a kasuwa ma ba ya bukatar wannan wahalar: ya danna *565*0# BVN ta fito, ya danna *346# ya nemo NIN. Shi ya sa ɓarayin waya da yawa layin ne ya dame su, ba wayar ba.

Ni talaka ne, asusuna ko dubu biyar babu. Me za a sata?

Sunanka. Da shi za a ci bashi a manhajar lamuni, a buɗe asusu, a yi rajistar layi. A jihar Sakkwato, inda ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni ke fama da masu garkuwa da mutane, layin da aka nemi kuɗin fansa da shi in ya fito da sunanka, kai za a fara nema. A 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi kan matasan da ke bi suna sayen NIN da BVN na mutane da 'yan kuɗi kaɗan suna sayar wa wasu. Irin wannan farauta tana zuwa ne da rigar tallafi: a cike fom, a kawo hoto da lamba, za a ji alat. 

Gwamnatin kanta fa, ba abin tsoro ba ce?

Rumbu yana daɗewa fiye da gwamnatin da ta gina shi. Da Taliban suka karɓi Kabul a Agustan 2021, na'urorin ɗaukar zanen yatsa da ƙwayar ido da sojojin Amurka suka yi aiki da su sun faɗa hannunsu, waɗanda suka yi wa tsohuwar gwamnati aiki suka shiga ɓuya. A nan gida, babbar hujjar haɗa layi da NIN ita ce kama 'yan bindiga. Mutanen gabashin Sakkwato su suka fi kowa sanin ko kiran neman fansa ya tsaya.

Babu doka ne?

Akwai. A Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC. Ta wajabta wa mai riƙe da bayanai ya sanar da hukumar cikin awa 72 idan suka fita, ta ba ka damar tambayar abin da aka ajiye a kanka, da kai ƙara. A 2024 hukumar ta ci tarar bankin Fidelity naira miliyan 555.8, bankin kuma ya musanta laifin.

A ganina, tunda tilas aka yi mana, nauyin tsaro yana wuyan wanda ya karɓa. Cin tarar banki abu ne mai sauƙi. A ga an hukunta hukumar gwamnati shi ne gwajin. A Estoniya ɗan ƙasa yana iya shiga shafin gwamnati ya ga ma'aikatar da ta duba bayanansa da ranar da ta duba. Wannan ya kamata 'yan majalisarmu su nema mana.

Kafin nan me zan yi?

Ka sa wa layin kansa lambar sirri, ba wayar kaɗai ba. Kada ka karanta wa kowa OTP, banki ba ya tambaya. In ka yi hoton takardar NIN a shago, ka karɓi har wadda ta lalace, ka tsaya a goge ta daga kwamfuta in an ɗauka. Wurin mai POS ka danna lambarka da hannunka. In sabis ya ɗauke a wayarka alhali na kusa da kai masu irin layin suna kira, ka je ofishin kamfanin a ranar. Yawancin bankuna suna da lambar toshe asusu daga kowace waya. Ka tambayi taka, ka rubuta a takarda ka ajiye a gida, ka koya wa iyali yadda ake danna ta.