Masu buƙata ta musamman a majami'un Sakkwato

Shigar da masu buƙata ta musamman cikin rayuwar ikilisiya na nufin makaho, kurma, gurgu, kuturu da mai taɓin hankali su samu wurin zama a sujada, a kuma damƙa masu aiki kamar kowane mai bi. A Sakkwato, inda Kirista 'yan tsiraru ne, batun ya shafi Katolika, Angilika, ECWA da majami'un Fentikos. Cocin Katolika ta samu dayosis, wato yankin da bishop ke kula da shi, a nan a 1964, kuma Bishop Matthew Hassan Kukah ke jagorantarta tun 2011.

Alaƙar majami'u da masu buƙata ta musamman a nan ta faro ne daga jinya. A shekarun 1930, lokacin da aka hana mishan wa'azi a fili cikin masarautun Arewa, an bar mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ya kula da kutare, ya riƙe asibitin Amanawa da ke kudu da birnin. Wannan aiki ya ceci hannuwa da ƙafafu da yawa, amma ya bar wata ɗabi'a: kallon naƙasasshe a matsayin wanda ake yi wa alheri kawai. Har gobe za ka ga gurgu a bakin ƙofar majami'a ranar Lahadi ana miƙa masa sadaka, alhali matakala uku ce ta hana kekensa shiga ciki. Kurma kuwa yakan zauna awa biyu yana kallon bakin fasto, babu mai juya masa wa'azin zuwa maganar hannu. Abin takaici ne, domin ƙasar Hausa ta daɗe da sanin sarkin makafi da sarkin guragu, wato mutanen nan sun saba shugabantar kansu.

Dokar hana wariya ga naƙasassu, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu.

Lalurar ƙwaƙwalwa ta fi wuyar sha'ani, don ba a ganinta da ido. Idan matashi ya daina barci, yana surutai shi kaɗai, ko mai jego ta shiga damuwa ta ƙi cin abinci, abin da aka fi saurin cewa shi ne aljanu ne, ko sammu, ko raunin bangaskiya. Sai a yi ta azumi da addu'ar dare, watanni su wuce, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga gari. Iyali kuma sukan ɓoye mai ciwon don kada 'yan'uwansa su rasa masu aure. Addu'a ba ta hana shan magani, kuma fasto da ya ce "mu yi addu'a, gobe mu je Kware tare" ya yi aikin makiyayi sosai. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin ta 1958, ta kuma amince da haƙƙin majinyaci na a kula da shi cikin mutunci.

Masu kira a shigar da masu buƙata ta musamman cikin ikilisiya sukan kafa hujja da Yohanna sura 9, inda almajirai suka tambayi Yesu ko zunubin wane ne ya sa aka haifi wani makaho, ya ce ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba. Abin da suke nema a aikace shi ne gangara a ƙofa, mai fassara ga kurame, gurbi a ƙungiyar mawaƙa da kwamitin dattawa, da zumuntar mata da za ta riƙa leƙa gidan mai jinya.