Manufa da Kwarjinin Ɗan Takara a Zaɓen Shugaban Ƙasa a Nijar

Abu biyu mai zaɓe ke dubawa ga ɗan takarar shugabancin ƙasa: manufarsa, wato abin da ya ce zai yi da mulki da dukiyar ƙasa, da kuma kwarjininsa, wanda ya haɗa asali, iya magana, sakin hannu da kirarin da maroƙa ke yi masa. A zaɓuɓɓukan da aka yi a Nijar daga 1993 zuwa 2021, kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, na biyun ne ya fi saurin isa kunnen jama'a.

Dalili a fili yake. A lokacin, da Faransanci ake rubuta kundin manufofin jam'iyyu, akasarin masu zaɓe kuwa ba su karanta shi. Abin da ke kaiwa ƙauye da fadar samari shi ne waƙar farfaganda, atamfa mai hoton ɗan takara, da maganar "namu ne". Tahoua ta zama gidan jam'iyyar PNDS-Tarayya ta Mahamadou Issoufou ɗan Dandaji da ake wa kirari da Zaki. Damagaram ta daɗe tana bayan Mahamane Ousmane. Yamai kuma Hama Amadou, wanda a 2016 ya kai zagaye na biyu yana tsare a gidan kason Filingué. A Disamba 2020 mutum 30 suka tsaya takara, ba mai zaɓen da zai iya tantance kundi 30.

Sai dai tsarin zaɓen wancan lokacin shi kansa ya riƙa rage wa kwarjini ƙarfi. Wanda ya zo kan gaba amma bai samu fiye da rabin ƙuri'u ba dole ya je zagaye na biyu, ya nemi ƙawance, sannan ya yi mulki da firaminista mai dogaro da rinjayen majalisa. A 1993 Tandja Mamadou ne ya zo na ɗaya a zagayen farko, amma ƙawancen jam'iyyu mai suna AFC ya ba Ousmane nasara. Ƙawancen ya tsaya ne kan kayar da MNSD-Nassara, jam'iyyar Tandja, shi ya sa bai jima ba: Issoufou, wanda ke cikin ƙawancen, ya ajiye muƙamin firaminista a 1994, Ousmane ya koma zaman doya da manja da sabon firaminista Hama Amadou na MNSD-Nassara a 1995, soja suka karɓe mulki a Janairu 1996. Don haka tambayar da wa ɗan takara zai haɗa kai, kuma a kan me, tana cikin awon manufarsa.

Awon alkawari kuwa daga kuɗi yake farawa. A tambayi nawa aikin zai ci, daga ina kuɗin za su fito (haraji, bashi, tallafin waje, ko uraniyom da man fetur), kuma wa zai biya ɗawainiyarsa bayan an yanke ƙyallen buɗewa. Nan ne alkawura masu kyau ke tuntuɓe. Maganin kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, da aka kafa a 2006, ya sa iyaye mata sun ƙara kai yara likita. Amma gwamnati ta riƙa jinkirta mayar wa asibitoci kuɗinsu, bashi ya taru, magani ya riƙa yankewa. Madatsar Kandaji ma tun 2008 aka aza tubalinta, gwamnatoci suka yi ta gadonta ba ta kammala ba. Alkawarin gina azuzuwa da bai zo da lissafin albashin malamai ba, rabin alkawari ne.

Wannan ba ya nufin a watsar da halin mutum. Akwai ɓangarensa da ya fi kowane kundi nauyi, shi ne yadda yake yi idan doka ta taka masa birki, kuma ana gane shi daga muƙaman da ya riƙe a baya. Bayan ya zama shugaban ƙasa, Tandja ya samu farin jini a karkara saboda azuzuwa da ɗakunan shan magani na shirinsa na musamman, kuma da wannan farin jinin aka tallata tazarce. A 2009 ya rusa majalisar dokoki da kotun tsarin mulki, ya yi zaɓen raba gardama a Agusta don ƙara wa kansa shekara 3, sojoji suka kifar da shi ranar 18 ga Fabrairu 2010.