Ziyarar gonaki da lambuna a ƙasar Katsina

Ziyarar gona ko lambu ita ce zuwan mutum wurin da ake noma abinci domin ya gani da idonsa, ya ɗanɗana, wani lokaci kuma ya saya daga hannun manomi. A ƙasar Katsina wannan tsohuwar al'ada ce, domin mutanen birni sun saba leƙa dangi a ƙauye lokacin kaka, su dawo da tsarabar gero, wake ko gyaɗa. Abin da mai ziyara zai tarar ya danganta da yankin da ya nufa da kuma lokacin da ya je.

Jihar Katsina, wadda aka cire daga Jihar Kaduna a 1987, tana da ƙananan hukumomi 34, kuma ƙasarta ba iri ɗaya ba ce. Kudanci, wato Funtuwa, Bakori, Ɗanja, Ƙafur da Malumfashi, ya fi samun ruwan sama, shi ya sa masara, dawa, auduga da rake suka fi yawa can. Arewaci kuwa, irin su Daura, Mai'aduwa, Zango da Ɓaure, jigawa ce mai rairayi da gajeriyar damina, don haka gero da wake da gyaɗa da riɗi ne suka riƙe gida. Daga nan ake gane dalilin da ya sa fura ta zama abincin yau da kullum a ƙasar Daura.

Da kaka, baƙon gona yakan samu tumu, wato zangarniyar sabon gero da ake babbakawa a wuta a murje a ci, da gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa. Tumu ba ya jiran kowa. 'Yan makonni ne kawai, da gero ya bushe an wuce wurin. A gefen gona kuma akwai rama, yakuwa, tafasa da zogale, waɗanda mata ke dafawa su kwaɗanta da ƙuli-ƙuli.

Lambu aikin rani ne, kuma a nan ne ziyara ta fi armashi. Daga hunturu zuwa bazara, masu noman rani sukan yanka fili fangali-fangali, su riƙa ban ruwa daga rijiya, rafi ko madatsar ruwa. A da da jigo ake ɗebo ruwan, yanzu injin ban ruwa ya maye gurbinsa a mafi yawan wurare. Manyan madatsun da ake noma a kewayensu sun haɗa da Ajiwa a Batagarawa, Zoɓe kusa da Dutsin-Ma, Jibiya, da Sabke da Daberam a ɓangaren Daura. A cikin birnin Katsina ma akwai tsofaffin lambuna a Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi da Ƙofar Sauri, inda ake fitar da latas, kabeji, alayyafo, albasa da karas. Sai dai wasu daga cikinsu da ruwan da ya biyo magudanun gari ake shayar da su, saboda haka wajibi ne a wanke ganyen sosai kafin a ci shi ɗanye.

Ɗanja ta yi suna da tumatir. Idan kaya suka yi yawa kasuwa ta faɗi, manoma kan yanka shi su shanya ya zama kauɗa, wadda ake miya da ita har damina. Wanda ya ga shanyar nan ya san wahalar da ke cikin kwandon tumatir guda. A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a jihohin arewa da dama, har da Katsina.

Ba a shiga gonar mutum sai da sallama da "sannu da aiki", ba a kuma tsinkar komai sai mai gona ya ce bismilla. Sau da yawa shi da kansa zai miƙo yalo, gurji ko sandar rake. A shekarun nan matsalar 'yan bindiga ta rage zirga-zirga a ƙauyukan Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa da Faskari, don haka masu zuwa can sukan fara tuntuɓar mutanen gari kafin su kama hanya.