Richard Feynman

Richard Phillips Feynman (11 ga Mayu 1918 zuwa 15 ga Fabrairu 1988) masanin kimiyyar fiziks ne ɗan Amurka, kuma farfesa a jami'ar Caltech da ke jihar Kalifoniya. A 1965 ya samu lambar yabo ta Nobel tare da Julian Schwinger da Sin-Itiro Tomonaga na Japan, saboda bayanin da suka yi na yadda haske ke hulɗa da ƙwayoyin lantarki. Bayan kimiyya, an san shi da kiɗan ganga da son yawon duniya.

An haife shi a birnin New York, ya tashi a unguwar Far Rockaway. Ya gama digirin farko a jami'ar MIT a 1939, ya yi na dakta a jami'ar Princeton a 1942. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana cikin masanan da aka tara a Los Alamos ta jihar New Mexico don ƙera bam ɗin nukiliya, kuma yana can matarsa ta farko, Arline, ta rasu da tarin fuka a 1945. Ya koyar a jami'ar Cornell, daga baya ya koma Caltech a farkon shekarun 1950, inda ya zauna har ƙarshen ransa.

Bai koyi kiɗa a makaranta ba, da kunne ya ɗauka. An fi saninsa da bongo, wasu ƙananan ganguna biyu haɗe, 'yan asalin Kuba, da ake matsewa tsakanin gwiwoyi a kaɗa da yatsu da tafin hannu. Zaman da ya yi a Rio de Janeiro ta ƙasar Burazil daga 1951 zuwa 1952 shi ya ƙara gogar da shi. Da rana yana koyar da fiziks da harshen Fotugal, da yamma kuma ya bi 'yan kiɗan samba na unguwar Copacabana. Abin kiɗan da ya riƙe shi ne frigideira, ɗan ƙaramin kaskon suya na ƙarfe da ake bugawa da siririyar sandar ƙarfe, ana juya wuyan hannu da sauri don amon ya sauya. Da shi ya shiga jerin gwanon makaɗa a kan titi. Kafin ya bar ƙasar ya fito fili ya soki tsarin karatunta, yana mai cewa ɗalibai na haddace ka'idoji ba tare da sanin abin da suke nufi a zahiri ba.

Sai dai ba ya son a riƙa tallata shi da gangar, kamar ita ce za ta nuna cewa masanin kimiyya ma mutum ne. Da wani kamfanin buga kundin sani na Suwidin ya nemi sa hotonsa yana kiɗa saboda wannan dalili, amsa mai zafi ya mayar. 

A 1986 aka sa shi a kwamitin binciken tarwatsewar kumbon Challenger, haɗarin da ya kashe mutum 7. A gaban kyamarorin talabijin ya tsoma guntun robar da ke toshe mahaɗar rokar cikin ruwan ƙanƙara, ya nuna cewa sanyi na hana ta komawa yadda take.

Tafiyar da ya fi ƙwallafa rai a kanta ita ce ta Tuva, wani yanki a kudancin Siberiya da ke iyaka da Mongoliya, wanda ya fara sani tun yana yaro ta hanyar kan sarki da yake tarawa. Tun daga 1977 shi da abokin kiɗansa Ralph Leighton suke neman izinin zuwa Kyzyl, babban birnin yankin. Sun koyi 'yan jimloli na harshen, sun rubuta wasiƙu, sun kuma nemo rikodin waƙar maƙogwaro ta mutanen, wadda mawaƙi ɗaya ke fitar da amo biyu lokaci guda. A lokacin yankin na ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet, shigar baƙi kuwa sai da izini mai wuyar samu. Feynman ya rasu a Los Angeles bayan fama da ciwon daji, takardar gayyatarsu zuwa Tuva kuma ta iso jim kaɗan bayan rasuwarsa. Mawaƙin Tuva Kongar-ool Ondar ya ziyarci Pasadena, garin da Caltech take, a 1993, 'yar Feynman kuma ta je Tuva a 2009.