Wai Ta Yaya Masana Tattalin Arziki Ke Gane Abin Da Ya Haddasa Wani Abu?

Tambaya: Shi wannan ikonometiriks ɗin da ake ta faɗa, mene ne?

Amsa: Auna maganganun tattalin arziki ne da alƙaluma. Maimakon kowa ya kawo ra'ayinsa a yi ta musu, sai a tattaro bayanai, farashi ne, albashi ne, yawan ma'aikata ne, a saka su a lissafi a ga me suka nuna. Ragnar Frisch ɗan ƙasar Norwe ne ya raɗa sunan a 1926, kuma shi da Jan Tinbergen na Holan suka fara cin kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1969.

Tambaya: To ba sai a duba lambobin kawai ba?

Amsa: Ai nan gizo ke saƙar. Masu digiri sun fi samun albashi mai tsoka, to karatun ne ya jawo, ko kuwa dama can masu ƙwazo ne da ko ba digirin za su samu? Lambobin ba za su raba maka wannan gardama ba sai ka yi dabara.

Tambaya: Wace irin dabara?

Amsa: Ga wadda ni ta fi burge ni. A watan Afrilu 1992 jihar New Jersey ta Amurka ta ƙara mafi ƙarancin albashi daga dala 4.25 zuwa 5.05 a awa, maƙwabciyarta Pennsylvania kuma ba ta ƙara ba. David Card da Alan Krueger suka bi gidajen abinci 410 a ɓangarorin biyu, suka ƙirga ma'aikata kafin ƙarin da bayansa, sannan suka cire canjin da aka samu a Pennsylvania daga na New Jersey, tunda duk wata matsalar kasuwa da ta taɓa yankin ta taɓa su duka biyun, abin da ya rage shi ne tasirin ƙarin albashin. Lokacin kusan kowa ya ɗauka za a rage ma'aikata. Sai ga shi ba su ga hakan ba.

Tambaya: Kuma aka yarda?

Amsa: Ina! David Neumark da William Wascher suka ɗauko takardun biyan albashi suka ce su raguwa suka gani, Card da Krueger suka dawo a 2000 da alƙaluman gwamnati suka tsaya kan bakansu. Card dai ya samu Nobel a 2021, Krueger bai ga ranar ba, ya rasu a 2019.

Tambaya: Ba a iya yin gwaji kai tsaye kamar na magani?

Amsa: Ana yi, ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu a jinkirta wa wasu. Michael Kremer da Edward Miguel sun bibiyi rabon maganin tsutsar ciki a makarantun yammacin Kenya, fashin ɗalibai ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Amma fa ba gwamnan da zai yarda a bar wa irin wannan ƙuri'a ta sa'a zaɓen wa zai biya wane haraji a jiharsa.