Tsaunukan ƙarƙashin teku da launin ruwan da ke kansu: me tauraron ɗan'adam ke gani?

Wai da gaske akwai tsaunuka a cikin teku?

Akwai su, dubun-dubatai ma. Yawancinsu tsofaffin duwatsu ne masu aman wuta da suka daɗe da mutuwa, suka taso daga gindin teku amma kansu bai leƙo saman ruwa ba. A al'adar masana, wanda tsayinsa ya kai mita 1,000 daga gindi shi ake kira tsaunin teku. A shekarar 2023 wani bincike ya ƙara sababbi 19,325 a kan lissafin da ake da shi, jimilla ta haura 43,000. Abin mamakin shi ne akasarinsu ba jirgin ruwa ne ya gano su ba. Nauyin tsauni yana jawo ruwa ya taru a kansa, sai fuskar teku ta yi ɗan tozo a wurin, tozon da idon matuƙi ba zai taɓa lura da shi ba, amma tauraron ɗan'adam mai auna tsayin ruwa yana kama shi.

Rashin sanin inda suke ba wasa ba ne. A watan Janairun 2005 jirgin yaƙin Amurka mai tafiya ƙarƙashin ruwa, USS San Francisco, ya yi karo da wani tsauni a kudu da tsibirin Guam yana tsananin gudu, sojan ruwa ɗaya ya rasu.

Ana cewa tsaunukan kan sa wasu ƙananan tsirrai su yawaita har ruwan da ke kansu ya yi kore. Waɗanne tsirrai ne waɗannan?

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kududdufi bayan damina ya ga ruwan ya koma kore shar, ya ga danginsu. Halittu ne masu ƙwayar rai guda ɗaya, ido ba ya ganin ɗayansu sai an sa madubin likita, suna yawo duk inda igiyar ruwa ta kai su. Masana na ce musu faitofilankton. Suna da kulorofil, wato sinadarin da ke sa ganye kore, suna haɗa abinci da hasken rana kamar yadda dawa da gero ke yi. Kusan rabin wannan aiki na haɗa abinci da ake yi a doron duniya su ke yin sa. Ƙananan ƙwarin ruwa na cin su, ƙananan kifaye na cin ƙwarin, haka abin ke hawa har zuwa kan kifin tuna da kifin shak.

Matsalarsu ɗaya ce: haske yana sama, taki yana ƙasa. Duk abin da ya mutu a teku nutsewa yake yi ya ruɓe a can cikin duhu, don haka naitireti da fosfeti, takin da tsirran ke buƙata, a ruwan ƙasa mai sanyi suke taruwa. Ruwan saman teku kuwa rana ta ɗumama shi, ya yi sauƙi, ya kwanta a kan mai sanyin kamar man gyaɗa a kan miya, ba sa cuɗanya da daɗi. Shi ya sa tsakiyar manyan tekuna a yankuna masu zafi take da wannan shuɗi mai ban sha'awa. Shuɗin yunwa ne, ruwan babu komai a ciki.

Ina ruwan tsauni da wannan?

Tsauni shi ne ludayin da ke iya motsa tukunyar. Igiyar ruwa na tafe a ƙasa sai ta iske dutse ya tare hanya, dole wani sashe ya kewaye, wani ya hau, kuma mai hawan yana tafe da takin ƙasa. Hawa da saukar ruwan teku na kullum shi ma yana gurzar gefen tsaunin, yana tayar da raƙuman ruwa na can ciki waɗanda ke fashewa su gauraya sama da ƙasa.

Sannan akwai wani abu da juyawar duniya ke haddasawa. A wajajen 1923 masanin Ingila G. I. Taylor ya nuna a cikin tanki mai juyawa cewa ruwan da ke bisa wani cikas yakan tsaya cak kamar ginshiƙi, sauran ruwan ya riƙa kewaye shi. A teku, wannan kan zama zoben ruwa mai zagaye kan tsauni, kamar an ɗora masa hula. In hular ta jima ba ta watse ba, tana iya riƙe takin da tsirran wuri guda har su hayayyafa. Wannan "in" ɗin shi ne duk rigimar. Tsirran na buƙatar kwanaki kafin su ninka yawansu sosai, idan igiya ta kwashe ruwan kafin nan, sai korensu ya bayyana can gaba, nesa da tsaunin da ya ciyar da su, ko kuma kada ya bayyana sam.

Ta yaya na'urar da ke ɗaruruwan kilomita a sama za ta ga abin da ido ba ya gani a kofi?

Launi take karantawa. Kulorofil na shanye haske shuɗi da ja, ya bar kore. Ruwan da ba tsirrai yana mayar da shuɗi mai yawa zuwa sama, wanda ke da su kuma shuɗinsa na raguwa, korensa na ƙaruwa. Na'urar na auna hasken kala-kala, a kwatanta shuɗi da kore, a fitar da ƙiyasin yawan kulorofil a kowane ɗigo na hoton.

Amurka ce ta fara gwadawa da na'urar CZCS a kan tauraron Nimbus-7 a 1978, ta yi aiki har 1986. Sai SeaWiFS daga 1997 zuwa 2010, sai MODIS a kan taurarin Terra da Aqua. Turai na da Sentinel-3, wanda aka harba na farkonsa a 2016, kowane ɗigon hotonsa mita 300 ne. A Fabrairun 2024 hukumar NASA ta harba PACE, mai rarrabe launuka filla-filla har a iya hasashen wane jinsin tsirrai ne ya fi yawa a wuri.

Sai dai a lura, kusan kashi 90 cikin 100 na hasken da ke isa na'urar ba daga cikin ruwa ya fito ba, iska da ƙura da tururi ne suka warwatso shi. Sai an tankaɗe wannan duka kafin a samu ɗan garin da ake nema.

An tabbatar ke nan kowane tsauni na sa ruwansa kore?

A'a. Shekaru da dama masu bincike da jiragen ruwa na kawo rahotanni masu karo da juna. Misalin da aka fi ambata shi ne na tsaunin Minami-Kasuga a yammacin Pasifik, wanda aka buga a 1985: sau uku aka auna ruwan kansa, a karo na farko kawai aka ga kulorofil ya ƙaru, sauran biyun babu. Jirgi yakan zo ya yi mako ɗaya ko biyu ya tafi, abin da ya tarar shi zai rubuta, kamar baƙon da ya kwana ɗaya a gari ya koma yana ba da labarin daminarsu.

A nan ne tauraron ɗan'adam ya yi rana, don shi kullum yana wucewa. A 2020 Astrid Leitner da abokan aikinta na Jami'ar Hawayi suka tattara hotunan shekara goma, suka kwatanta ruwan kan tsaunuka da na kewayensu. Sun samu ƙarin kulorofil mai ɗorewa a kashi 17 cikin 100 na tsaunukan Pasifik da suka duba. A cikin waɗanda kansu bai kai zurfin mita 100 ba kuwa, kashi 45 ne, kuma ƙarin na iya kaiwa kashi 56 bisa na ruwan fili. Kifin da aka kama a irin waɗannan tsaunuka ya ninka na sauran. A ganina adadin 17 ɗin ya fi muhimmanci, domin yana nufin mafi yawan tsaunukan ba sa nuna komai a saman ruwa.

In haka ne, me ke tara kifi a kan sauran?

Abinci na zo musu daga wani wuri. Kowane dare ɗimbin ƙwarin ruwa da ƙananan kifaye na hawowa sama su yi kiwo, da asuba su koma ƙasa su ɓuya a duhu. Idan igiya ta kawo su saitin tsauni cikin dare, da suka juya za su sauka sai su iske dutse ya tare musu hanya, manyan kifaye kuma na nan na jira. Wannan duk a ƙasa yake faruwa, tauraro ba ya ganin ko kaɗan.

Me kuma ke ɓace masa, ko ke ruɗa shi?

Zurfi shi ne na farko. Ko a ruwa mafi tsabta, 'yan gomomin mitoci na sama kawai yake gani, alhali a tekuna masu zafi tsirran sun fi taruwa a wajajen mita 100, inda ɗan sauran haske ke haɗuwa da farkon taki. Tsauni irin Great Meteor, a kudu da tsibiran Azores, kansa na kusan mita 270 a ƙasa, duk motsin da zai yi wa ruwa na iya ƙarewa bai taɓo sama ba. Don cike wannan giɓi ake sakin na'urorin Argo, masu nutsewa har mita 2,000 su taso duk bayan kwana goma su aika da abin da suka auna, wasu daga cikinsu har da kulorofil.

Gajimare na rufe hoto ɗungurungum. In kan tsauni ya matso sama sosai, hasken da ƙasan ke mayarwa na iya shiga lissafi a zaci tsirrai ne. Bayan fashewar dutse mai aman wuta na Hunga Tonga da ke kudancin Pasifik a Janairun 2022, hotuna sun nuna kamar tsirrai sun ɓarke a yankin, wasu masana suka ce tokar ce ta ciyar da su, wasu suka ce tokar ce dai na'urar ta gani ta ɗauka kulorofil ne.

Sai ƙura, wadda mu muka fi kowa saninta. Hazon hunturu da ke toshe mana hanci yana wucewa har kan Tekun Atlantika da mashigin Gini, yana shanye haske shuɗi kamar yadda kulorofil ke yi, sai lissafi ya karkace. Babban tushen ƙurar shi ne kwarin Bodele a Chadi, busasshen gindin tsohon Tafkin Chadi na zamanin da yake makeken ruwa, kuma farar ƙasar wurin ɓawon irin waɗannan ƙananan tsirrai ne da suka mutu dubban shekaru da suka wuce. Ita ce kuma ke kai wa 'yan uwansu na teku sinadarin ƙarfe da fosfeti.

Wa wannan aiki zai amfana?

Masu ƙoƙarin hana a ƙarar da kifin tsaunuka, don an sha ganin yadda abin ke saurin faruwa. Tsaunin Vema, mai nisan kusan kilomita 1,000 daga Cape Town, kansa bai kai mita 30 a ƙarƙashin ruwa ba. Da aka gano shi, cikin 'yan shekaru kaɗan na 1960 masunta suka share manyan jatan landen da ke kansa. A tekun New Zealand da Tasmaniya, jiragen da ke jan taru a ƙasa sun yi wa kifin orange roughy irin wannan ta'adi, kifin da ke iya haura shekara ɗari a raye kuma ba ya saurin haihuwa. Da yawa daga cikin tsaunukan suna can cikin ruwan da ba na kowace ƙasa ba, wanda sai a 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare halittunsa. Ba wanda ke da kuɗin aika jirgi kan tsaunuka 43,000, amma tsofaffin hotuna na iya nuna waɗanda ya kamata a fara dubawa.

Hotunan NASA da na Turai kyauta ne, ɗalibi a Kano ko Yamai mai kwamfuta da intanet na iya sauke su. Manyan jiragen kamun tuna su ma suna amfani da taswirar kulorofil wajen zaɓar inda za su nufa.