Zaɓen jam'iyyar sauyi yana hana a zaftare kuɗin hidimar unguwa? Tambayoyi da amsoshi

Da zarar zaɓe ya ƙarato sai tambayoyin nan su dawo, kusan da kalmomi iri ɗaya. Na tara su wuri guda. Duk wanda ya sake aiko ɗaya daga ciki, nan zan turo shi.

Su wa ake nufi da masu matsakaicin ra'ayin sauyi?

Jam'iyyun da suka yarda da kasuwa da 'yan kasuwa, amma suke son gwamnati ta karɓi haraji ta zuba a makaranta da asibiti da gidaje da kula da tsofaffi. Labour a Birtaniya, SPD a Jamus, PSOE a Sifaniya. Ba 'yan gurguzu ba ne, a daina cakuɗa su.

Idan na ba su ƙuri'ata, ɗakin karatun unguwarmu da motar haya da wurin wasan yara sun tsira?

Babu tabbas. Duk ɗan takarar da ya rantse maka a kan haka, ƙuri'arka yake nema.

Amma ai su ne ke cewa suna tare da talaka?

Suna faɗa, da yawansu ma har zuci. Sai dai idan baitulmali ya bushe kuma masu bashi suka tsaya a ƙofa, kowa ya ga yadda ake yi. George Papandreou na PASOK, jam'iyyar sauyi ta Girka, ya ci zaɓe a 2009, a watan Mayun 2010 ya sa hannu a yarjejeniyar ceto ta Yuro biliyan 110, wadda sharaɗinta shi ne tsuke bakin aljihu. A shekarar aka yi dokar da ta dunƙule ƙananan hukumomin ƙasar daga sama da dubu zuwa 325. A Sifaniya, Firaminista Zapatero na PSOE ne da kansa ya rage albashin ma'aikatan gwamnati da kusan kashi 5 cikin ɗari a watan Mayun 2010, ya kuma dakatar da ƙarin fansho. François Hollande na jam'iyyar sauyi ta Socialist ya hau mulkin Faransa a 2012 yana sukar tsuke aljihu, gwamnatinsa ce kuma ta tsara rage Yuro biliyan 11 daga kason da ake tura wa hukumomin yankuna da garuruwa tsakanin 2015 da 2017. Tun 1975 wani ministan Labour, Anthony Crosland, ya gaya wa ƙananan hukumomin Birtaniya cewa biki ya ƙare. Shekara guda bayan haka gwamnatin ta je wurin IMF neman rance. Babu ɗan mazan jiya ko ɗaya a cikin waɗannan mutane.

Ke nan duk kanwar ja ce, zaɓen ma ɓata lokaci ne?

Wannan maganar raggaye ce, kuma na gaji da jin ta. Bambanci na nan. Daga 2010, lokacin da David Cameron da George Osborne na jam'iyyar mazan jiya ta Conservative suka karɓi ragamar Birtaniya, zuwa 2018, kuɗin da gwamnatin tsakiya ke ba ƙananan hukumomin Ingila ya ragu da kusan rabi idan aka cire hauhawar farashi. Ofishin binciken kuɗi na ƙasar ne ya fitar da wannan lissafi. Shawara ce aka yanke a siyasance: a cike giɓi galibi ta hanyar rage kashe kuɗi maimakon ƙara haraji. Cibiyoyin Sure Start na ƙananan yara, waɗanda gwamnatin Labour ta kafa a ƙarshen shekarun 1990, da yawansu an rufe su ko an rage musu aiki a wannan zamanin. A Fotugal kuwa, António Costa na jam'iyyar sauyi ta Socialist ya hau mulki a 2015 ya mayar wa ma'aikata albashin da aka yanke musu, ko da yake ya matse kuɗin manyan ayyuka don lissafi ya daidaita. Birnin Vienna, wanda SPÖ, jam'iyyar sauyi ta Ostiriya, ke riƙe da shi tun 1945, har yau yana da gidajen haya na hukuma kusan 220,000. Berlin kuma, a ƙarƙashin magajin gari ɗan SPD, ta sayar da dubban gidajen hukuma a 2004 saboda bashi ya yi mata katutu. Suna ɗaya a takarda, hali daban.

Me zai hana kansiloli su ce ba za su rage ko kwabo ba?

Doka. A Ingila wajibi ne ƙaramar hukuma ta yi kasafin da shiga da fita suka yi daidai. An gwada taurin kai a Liverpool a 1985. Kuɗi ya ƙare, har aka riƙa kai wa ma'aikata takardun gargaɗin sallama a motocin tasi, daga baya aka ci tarar kansiloli 47 aka hana su riƙe muƙami na shekara biyar. Tun daga nan ba a cika samun mai sha'awar maimaitawa ba.

To ni yanzu, zaɓen ƙaramar hukuma ya zo, ana barazanar rufe cibiyar matasan unguwarmu. Wa zan zaɓa?

Yauwa, wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna. Amsar ba guda ba ce, kuma duk abin da zan faɗa yana da "amma" a bayansa.

Fara da gano inda kuɗin cibiyar ke fitowa. Idan mafi yawansa daga gwamnatin tsakiya yake saukowa, to kansilan da za ka zaɓa ba shi ne mai yanke girman kason ba, rabawa kawai yake yi. A irin wannan hali ƙuri'ar da ta fi tasiri a kan cibiyarku ita ce ta babban zaɓe. Mutane da yawa suna huce haushin minista a kan kansila, ko su saka wa kansila da alherin da minista ya yi. A ƙasashen da ƙananan hukumomi ke karɓar nasu harajin kuɗin shiga, kamar Sweden da Denmark, hannun kansila ya fi tsawo, don haka ƙuri'ar gida ta fi nauyi. Ka san irin tsarin da kake ciki kafin ka ɗauki darasin wata ƙasa.

Sannan ka tambaya ko hidimar da kake kuka a kanta doka ta wajabta ta. Nan gizo ke saƙa. Kula da tsofaffi da masu buƙata ta musamman da yaran da ke hannun hukuma wajibi ne a Ingila, kuɗinsu kuma kullum hawa yake, har ya cinye kaso mafi girma na kasafin hukumomin da ke ɗauke da wannan nauyi. Abin da ya rage shi ake yanka: cibiyar matasa, lambun shaƙatawa, tallafin motar haya ta dare, awannin buɗe ɗakin karatu. Ko wace jam'iyya ce ke kan kujera, wuƙar nan za ta fara sauka. Abin da zan iya cewa, da taka-tsantsan, shi ne kansilolin jam'iyyun sauyi sun fi karkata ga ƙara harajin gida har iyakar da aka yarje musu, su kuma yi ƙoƙarin kare unguwannin marasa ƙarfi. Amma iyakar ƙarama ce: a 'yan shekarun nan kusan kashi 5 cikin ɗari ne ga manyan hukumomi, fiye da haka sai da ƙuri'ar raba gardama ko izinin minista. Ga wani abin takaici kuma: garuruwan matalauta sun fi dogara da kason gwamnatin tsakiya, harajin gidajensu kuma ba ya tara abin kirki. Shi ya sa bayan 2010 suka fi kowa jin jiki, alhali yawancinsu Labour ke mulkinsu. Mai kallo daga nesa sai ya ce ai ga shi, inda 'yan sauyi suke nan aka fi yanka. Lissafin gaskiya ne, fassarar ce karkatacciya.

Bayan haka sai iya riƙon amana, wanda ba ruwansa da launin tuta. Nemi kasafin shekarun baya, ka ga yadda ɗan takarar ya kaɗa ƙuri'a lokacin da aka kawo batun rufe wani abu. Duba ko hukumar na cinye ajiyarta don ta ɓoye giɓi, ko tana cin bashi tana zubawa a harkar kasuwancin da ba ta iya ba. Idan ɗan takara ya ce zai ceci cibiyarku, tambaye shi daga wane layi na kasafi zai ciro kuɗin. In ya ce daga "hana almubazzaranci", bai karanta kasafin ba. In ya ce zai ƙara haraji ko zai rage wani abu, ya kuma ambaci abin, to ko ba ka ji daɗi ba da mai gaskiya kake magana. Zai yiwu ka yi duk wannan, ka zaɓi wanda ya dace, a rufe cibiyar duk da haka. Kada hakan ya sa ka ce an yaudare ka. Wani lokaci abin da ƙuri'arka ta saya shi ne a buɗe ta kwana uku a mako maimakon a sa mata kwaɗo.

Birmingham fa? Ba Labour ce ta durƙusar da ita ba?

Hukumar wannan birni na Ingila a hannun Labour take lokacin da ta sanar a watan Satumban 2023 cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba. Bashin ƙarar rashin daidaiton albashi tsakanin maza da mata, wanda aka ƙiyasta zai iya kai fam miliyan 760, da sabon tsarin kwamfuta da ya laƙume kuɗi, waɗannan ba a ɗora wa kowa su sai hukumar kanta. Mazauna birnin suka biya: harajin gida ya tashi da kusan kashi 10 a 2024, aka kuma amince da rage hasken fitilun titi. Amma kafin ka yi guɗa, hukumar Northamptonshire ta faɗa wannan ramin a 2018, ta Thurrock a 2022, dukansu a hannun Conservative. Kowane ɓangare na da nasa abin kunyar, sai dai kowa na maƙwabcinsa yake nunawa.

Ba za a iya kare hidimomin ba tare da an ƙara mini haraji ba?

Za a iya, idan tattalin arziki na bunƙasa sosai, ko a ci bashi, ko a ɗora wa wani. In ba ɗaya daga cikin ukun, a'a. Masu aiko wannan tambayar galibi su ne kuma ke ƙorafin ba a kwashe shara a kan lokaci.